Allon Mita Hamsin

Lahadi, 2 ga wata

Ɗan kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Umma da ke kumbura in ta daɗe a zaune. Ta ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka ko har yanzu gyara wa mutane waƙafi kake yi a maɗaba'a, kuma wai da gaske ana biyanka.

Na aiko maka da saƙo uku ta waya, ba ka buɗe ko ɗaya ba. Anti ta ce wayarka tana cikin aljihun tebur tare da matattun batura, in ina son amsa in nemi takarda da ambulan. To ga ni, likitar haƙori guda, ina lasar kan sarki saboda kai.

Na sayi mota. Ƙarama ce, shuɗiya, mai ƙofa biyu, ta hannu. Umma ta ce motar marasa dangi ce. Wani mutum da na cire wa haƙori ya ba ni labarin wata ƙungiya da ke karɓar filin tsere ranar Asabar ɗaya a kowane wata. Ba gasa ake yi ba. Kowa ya zo da motarsa, ya sa hular kwano, ya zaga iya ƙarfinsa, babu mai babur da zai faɗo maka daga lungu. Na je kallo, na dawo da takardar shiga ƙungiya a jakata. Kada ka yi dariya. Shekarata arba'in da ɗaya, wuni nake a sunkuye cikin bakin mutane, ina so ko sau ɗaya a wata in ga abin da ya fi dasashi faɗi.

Makanikena ya ce in canza salansa, in sauke motar ƙasa, in sa faffaɗan tayoyi. Wasu kuma sun ce tsakuwa za ta farfasa mini fenti. Duk dangi sun san kai ne masanin mota. Tun ina makaranta nake jin labarin jar motar nan taka da ake duba fuska a jikinta, da ɗakinka da mujallu suka hana a buɗe taga. Ka faɗa mini abin da zan yi, amma da Hausar da ake ganewa.

Taka,
'Yar gwaggo

*

Juma'a, 14 ga wata

'Yar gwaggo,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar Laraba, na karanta ta sau biyu, sau ɗaya a matsayin ɗan'uwa, sau ɗaya da jan biro. Kurakurai huɗu kacal, wanda ga likita abin a ba da lambar yabo ne. Muna lafiya. Bayana ne kawai ke gunaguni, shi ma da kujerar ofis yake rigima, ba da ni ba. Ki ce wa Gwaggo ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. Ki kuma ce mata e, ana biyana, waƙafi bai ƙare a duniya ba.

Makanikenki ki gaishe shi, ki bar shi da salansarsa. Salansa mai ƙara ba ta ƙara wa mota gudu, hawan jini take ƙara wa maƙwabta. Sauke mota ƙasa kuwa, ki bari sai ranar da aka gyara titin gidanku. Yawancin masu sauya kayan mota, abin da ke bayan sitiyari ne ya kamata su fara sauyawa, sai dai ba a sayar da shi a shago.

Abin da za ki canza ɗaya ne: man birki. In ya tsufa yana shan danshi, in ya ɗauki zafi ya tafasa, ki taka ki ji kamar kin taka soso. Ki sa a duba ko birkin ya cinye. Iskar taya ki auna ta bayan kin zaga, lokacin da tayar ke da zafi, ki rage in ta hau. Ki kwashe komai daga cikin motar, har kwalbar turare da takalmin da na tabbata yana ƙarƙashin kujerarki tun ranar da kika saye ta.

Fenti kuma fata ce, haƙuri take so. Kada ki wanke a rana. Kada garin sabulun wanki ya kusance ta. Bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, don kada ki debi yashi da hannunki ki goga mata. Kashin tsuntsu ki share shi nan take, tsuntsu ba ya mutunta kowa. Maganar tsakuwa, ki sayi tef na takarda, ki manne bamba da bakin bonet. Ba sai kin yi gaggawar cirewa ba, ki bar shi har wata mai zuwa ya yi miki aiki biyu.

Sai kwana. Kafin kowace babbar kwana za ki ga alluna uku a gefen hanya: na mita ɗari da hamsin, na ɗari, na hamsin. Sababbin shiga tun a na farko suke taka birki, kamar baƙon da ke rafka sallama tun daga bakin titi. Ni a zamanina ban san ana kallon biyun farko ba. Sai na ga allon hamsin nake ɗaga ƙafa daga totur. Mota tana gane mai tsoronta, kamar yadda marasa lafiyarki ke gane hannun da ke rawa.

Ki rubuto mini yadda aka ƙare.

Naki,
Ɗan kawu

*

Talata, 18 ga wata

Ɗan kawu,

Gaisuwa mai yawa. Umma ta ɗora ƙafar a kan matashi, ta ce da sauƙi, amma kada in faɗa maka don kada kanka ya ƙara girma.

An canza man birki. Makanike ya kumbura kamar wanda na cire wa haƙorin da ba shi ne ke ciwo ba. Na sayi bokiti na biyu, har mai gadin gidanmu yana tambaya ko sana'a na canza.

Ka yafe mini, na karanta wa 'yan ƙungiya takardarka a taronmu na jiya. A wajen hawan jinin maƙwabta sai da wani lauya ya zubar da shayinsa. Sakatare ya ɗauki hotonta ya raba wa kowa a waya. Yanzu sunanka a wurinsu Mai Hamsin. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani dattijo siriri da ke koya wa sababbi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "A wane fili ya yi?" Na ce zan tambaye ka. A wane fili ne?

Asabar ɗin nan ce ranar. Na manna tef. Ba zan ba ka kunya ba.

Taka,
'Yar gwaggo

*

Litinin, 5 ga watan jibi

'Yar gwaggo,

Da fatan kina lafiya, ke da Gwaggo. Mu ma lafiya, in aka cire ni.

Ban amsa takardarki ta ƙarshe ba. Zan iya cewa aiki ne ya yi yawa, kuma gaskiya an jibge mana wani littafin ilimin ƙasa da marubucinsa ke gaba da aya. Amma ke ma mako shida ke nan ba ki ce uffan ba, kuma ina jin na san dalili.

Antinki ta ga kwafin abin da na rubuta miki. Ta karanta a tsaye, da tsintsiya a hannu, ta ce, "Mai littafi, tef ɗin nan ka taɓa manna shi a jikin wani abu?" Na ce an rubuta a mujalla. Ta ce, "Ba shi na tambaya ba." Don in rufe mata baki, na yaye tampol daga jar motar, na manna tef tsawon hannu a bonet, na bar ta a rana kwana goma sha biyu.

Da na zo cirewa, takardar ta taso, gam ɗin ya ƙi. Na sa farce. Na sa fetur. Na sa abin da ba zan rubuta ba, don kada sakatarenku ya ɗauki hotonsa. Yanzu a tsakiyar bonet ɗin da na yi shekara goma sha tara ina lallaɓawa akwai wani fili fari-fari, mai kama da taswirar ƙasar da ba wanda ke son zuwa. Antinki ta leƙo ta ce, "Da ka mayar da tef ɗin, ya fi kyau."

Na koma na duba mujallar. Cewa suka yi a cire shi a ranar. Ni na ƙara maganar wata guda, saboda jimlar ta fi daɗi a haka.

Don haka na san abin da ke jikin motarki, na kuma fahimci shirunki. Na sa Antinki ta kira Gwaggo, Gwaggo ta ce, "Tana nan, ta ce za ta rubuto," da wata murya kamar mai rufe ƙofa da ƙafa. Ni ban iya kiranki ba. Wanzami ba ya son jarfa, mai jan biro kuma ba ya son ganin ja a takardarsa. Ki yi haƙuri. Ki kai ta wurin mai fenti na kirki, ki ce masa wani malami ne ya taimaka.

Maganar filin da dattijo ke tambaya, sai mun haɗu.

Naki,
Ɗan kawu

*

Asabar, 10 ga wata

Ɗan kawu,

Muna lafiya, alhamdu lillahi. Kada ka ɗauko jan biro, da hagu nake rubutu, kuma wannan ce takarda ta uku da na fara.

Tef? Wallahi sai da na yi dariya har Umma ta leƙo. Bambar da tef ɗin ke jikinta tana bola. Ba fushi nake yi da kai ba. Kunyarka nake ji, shi ya sa na roƙi Umma kada ta faɗa wa kowa.

Ga abin da ya faru. Zagayen farko da na biyu dattijon nan yana zaune a gefena. Yana cewa "birki" tun a allon farko, ina takawa. Ya ce hannuna yana da natsuwa. Bayan azahar aka bar ni ni kaɗai. Duk lokacin da na wuce ta gaban rumfa, sai in ga 'yan ƙungiya a jikin shinge sun ɗaga yatsu biyar suna ihu. Ni ce 'yar'uwar Mai Hamsin, kuma ina rafka sallama tun daga bakin titi.

A zagayena na huɗu ni kaɗai na ce yau sai na yi irin ta gidanmu. Na wuce allon farko. Na wuce na biyu. Na ga hamsin, na taka da duk ƙarfina. Motar ba ta ko yi niyyar juyawa ba. Ta miƙe cikin tsakuwa, ta je ta rungumi katangar tayoyi. Sitiyari ya fizge, ƙashin wuyan hannuna na dama ya tsage.

Jiya aka cire filasta. Abokiyar aikina ce ke duba marasa lafiyata. Hannun ya rame kamar ba nawa ba, kuma yatsu biyu ba sa rufuwa sosai. Likitan ƙashi ya ce a yi ta motsa shi, a jira. Na tambaye shi ko zan koma riƙe injin haƙori kamar da, sai ya shiga gyara takardun da ke gabansa. Ni ma haka nake yi in ba na son amsa tambaya.

Dattijon bai yi mini faɗa ba. Shi ya ɗauko mini hular kwanona daga cikin motar, ya ce, "Wa ya ce ki kai can?" Ban faɗi sunanka ba. Na san laifina ne, ba ni da irin ƙafarka.

Abin da nake roƙo, ka bayyana mini inda na kuskure. Taka birkin ne ban iya ba, ko giya ya kamata in sauke tukuna? Lauyan nan da wani mai shagon gilashi sun ce ranar 24 za su gwada hamsin, wai su fanshe sunan ƙungiya. In akwai wata dabara da ba ka rubuta ba, gara su sani.

Taka,
'Yar gwaggo

*

Talata, 13 ga wata

'Yar gwaggo,

Allah ya ba ki lafiya, ya mayar miki da hannunki yadda yake. Na ba mai kai saƙon gaggawa wannan takarda, gobe za ta same ki.

Babu dabara. Ba ki kuskure komai ba. Babu motar gida da za ta tsaya daga wannan allon a irin wannan gudun, ko wa ke ciki.

Ban taɓa shiga filin tsere ba. Ban taɓa ganinsa ba sai a hoto. Ba na ma tuƙi.

Makon da na sayi jar motar, na ɗauko ta da ribas zan fita, Antinki tana gefe da babbar 'yarmu a cinya, tana da wata huɗu. Na nemi birki na taka totur. Muka daki ginshiƙin get. Babu wanda ya ji ciwo, yarinyar ko farkawa ba ta yi ba. Na fito na tsaya a gefe, Antinki ta zagayo ta shigar da motar. Daga ranar ban ƙara zama a bayan sitiyari ba. Ita ke kai ni aiki, ita ke ɗauko ni. Ina zaune a gefe ina gaya mata lokacin canza giya, tana haƙuri. In za mu gidan dangi, nakan ce idona ne ke damuna, ko in ce ina so ta saba. Ranar Asabar in wanke motar da bokiti biyu. Abin da na iya ke nan. Kun ga sheƙi kun ce direba, ni kuma ban taɓa gyara muku wannan kuskuren ba, ni da nake gyara wa baƙi waƙafi.

Maganar allon hamsin, a wata tsohuwar mujalla na karanta ta. Wani ɗan tsere ne ya faɗa, a kan motar da aka ƙera don wannan aikin kaɗai, mai birki kamar faranti. Na cire sunansa na sa nawa. A maɗaba'a muna da sunan da muke kiran mai yin haka, kuma ba ma gaishe shi.

Kin tambaye ni a wane fili, tun kafin ranar. Takardarki ta zo mini ranar Alhamis. Da na ciro wayar nan daga aljihun tebur na ce miki babu fili, da yanzu kina cikin bakin wani kina aikinki. Na zauna ina neman amsar da za ta yi daɗin karantawa, har Asabar ta wuce. Sannan na yi mako shida ina makokin bonet.

Na karanta inda kika ce kunyata kike ji. Ban iya ƙarasa shafin a zaune ba.

Ki hana mutanen nan biyu. Ki nuna musu wannan takarda in ya zama dole.

Ɗan kawu

*

Juma'a, 16 ga wata

Malam,

Muna lafiya. Hannu yana riƙe kofi, bai kai ga riƙe cokali da kyau ba.

Na karanta. Na ajiye. Na sake karantawa, ko zan ga inda wasan yake.

Mako bakwai ina kwana ina tashi da allon nan a idona, ina cewa da na ƙara daƙiƙa ɗaya, da na rage ɗaya. Ina ta neman laifin ƙafata. Da tun farko ka ce mini, "Ni fenti na sani, sauran ki tambayi masu yi," wallahi da ban rage ka da komai ba. Tsoron mota ba abin kunya ba ne, ni mutane nawa ne ke suma a kujerata kafin in taɓa su? Amma ka aike ni inda kai ba ka taɓa zuwa ba, kana ba ni labarin hanya.

Na kira lauya da mai gilashi, na ce kada su gwada. Lauya ya ce, "Likita, wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu." Mai gilashi ya ce Mai Hamsin ya yi, shi ma namiji ne. Ba su jin tawa, ni ce wadda ta faɗa katanga. Taka suke ji.

Ban nuna musu takardarka ba, kuma ba zan nuna ba. Na riga na yi maka karatu a gaban mutane sau ɗaya. Kada ka aiko da wata kuma, a takarda ka fi kowa iya tuƙi. Akwai taro ranar Juma'a 23, ƙarfe biyar na yamma, a rumfar filin. Ka zo da ƙafarka ka faɗa musu da bakinka. Dattijon zai kasance a wurin, har yanzu yana jiran amsarsa.

Umma ta ga fuskata ta tambaya, na faɗa mata. Ta ce, "Allah sarki matarsa."

Likita

*

Litinin, 19 ga wata

'Yar gwaggo,

Na gode wa Allah da kofin. Allah ya sa cokali ya biyo baya, injin ya biyo cokali. Ki gaishe da Gwaggo, ki ce mata Antinki ta ji saƙonta, ta ce shekara goma sha tara take jiran wani ya faɗa.

Za mu taso ranar Alhamis da safe. Antinki ta ce tafiyar awa bakwai ce in na yi shiru, tara in na taimaka. Na ce a rufe bonet ɗin da wani abu, ta ce a'a, haka za mu shiga, a ajiye ta a gaban rumfar inda kowa zai gani.

Na rubuta jawabi shafi uku. Akwai wurare biyu da na tabbata lauyanku zai sake zubar da shayi. Antinki ta karanta ta ce, "Wato so kake su tafa maka." Ta miƙo mini bayan ambulan ta ce abin da bai shiga nan ba, ba gaskiya ba ne. Ga abin da ya shiga:

Ni ne wanda kuke kira Mai Hamsin. Ban taɓa shiga fili ba, ba na ma tuƙi. Abin da na rubuta a kan birki ƙarya ce, ita ta karya hannun ƙanwata. Ku ji maganar dattijon nan.

Na karanta shi a gaban madubi sau shida. A jimla ta uku nake tsayawa, amma ina ƙarasa ta.

Na ga yadda kika buɗe takardarki da yadda kika rufe ta. Ban yi gardama ba, Malam ɗin ma ya yi mini yawa. Abu ɗaya nake roƙo. Na san kaina, na san ƙafafun nan, sun taɓa guduwa daga abin da bai kai wannan ba. Ki sa a ajiye mini kujera can ciki, nesa da ƙofa, ke kuma ki zauna a bakin hanya.

Ɗan kawunki, in kin yarda